Aristeu da Ɗan da Ke Ƙarƙashin Tafki

Aristeu bai iya iyo ba sai da ya haura shekara talatin a duniya. Makiyayi ne tun tasowarsa, irin masu sa rigar fata su kutsa cikin ƙaya a kan doki suna bin saniyar da ta ɓalle. Kogi yana nan gindin garinmu, Tsohon Angico, amma shi iyakarsa da kogi ya kai shanu su sha, ya wanke fuska, ya juyo. Da a lokacin wani ya ce masa wata rana a ƙarƙashin ruwa zai riƙa neman abincinsa, da tukunyar iska goye a baya, da sai ya tambaye shi giyar rake nawa ya sha.

Shanun Seu Olegário yake kiwo (Seu a wurinmu kamar a ce Malam ne), kuma 'yarsa Quitéria ya aura. Garken, wato shingen da shanun ke kwana, yana gangaren gari, ta bayan coci, inda ƙasa take fara saukowa zuwa kogi. Nan kusa suka yi ɗakinsu na laka.

Cikinta na fari bai kai watanninsa ba ya zo. Namiji ne, ɗan ƙanƙane, ya yi numfashi daga safe har rana ta karkata. Ko ba limamin coci, duk wanda ke wurin zai iya zuba wa jariri ruwa a ka ya faɗi kalmomin baftisma, kowa ya san wannan. To amma jinin Quitéria ya ƙi tsayawa, ungozoma da sauran mata duk hankalinsu na kanta. Da aka waiwayi yaron cikin tsumma, ya riga ya yi sanyi.

A wurinmu yaron da ya mutu ba baftisma ba a kai shi makabarta. A bakin ƙofar garke ake binne shi, inda shanu ke shiga da fita, don numfashin shanu ne ya ɗumama Yesu ranar da aka haife shi. Yaron zai zauna nan, bai tafi ba, bai dawo ba, har shekara bakwai. Idan ta cika sai ya yi kuka, siririn kuka daga cikin ƙasa. Duk wanda ya ji, sai ya tsaya ya kira shi da suna ya faɗi kalmomin, shi ke nan yaro ya sami hanya. In ba wanda ya ji, yana nan.

Aristeu ne ya haƙa ramin da kansa, a gindin dirkar ƙofa ta hagu. Dirkar itacen arowera ce, wanda ko gara ba ta ci. Ya zaro wuƙa ya zana gicciye a jikinta daidai ƙirjinsa. Abokinsa Deusdete masunci, wanda aka riga aka yi da shi zai zama uban baftismar yaron, shi ya mayar da ƙasa. Tun ranar suke kiran juna kompadre, sunan da uban yaro da uban baftismarsa kan kira juna da shi, ko da yake ba a taɓa yin baftismar ba. Quitéria kuwa da ta tashi daga jinya ta karɓi tatsar safe daga hannun mahaifiyarta, ba ta sake barin wani ya yi ba. Ta ajiye wa yaron suna, Firmino, ba ta faɗa wa kowa ba sai mijinta.

Yaron na da shekara biyar a ƙasa aka gama ginin dam.

Mutanen kamfanin dam sun kwashe makabarta, wannan ba a raina musu ba. An tono ƙasusuwan kowa an sa cikin ƙananan akwatuna an kai Sabon Angico, garin da aka mayar da mu. Amma na bakin garke ba su cikin lissafin kowa. Aristeu ya so ya tono nasa ya tafi da shi a jakar sirdi. Tsofaffin mata suka hana. Suka ce yaron da aka ɗaga daga wurinsa kafin ya yi kuka ba zai taɓa yi ba, ya ɓata ke nan. Seu Olegário kuma ya tsaya a kan shingen garke ya nuna kwarin da sandarsa, ya ce wannan kogin da muke haye shi da ƙafa da rani, shi zai cika wannan wuri? Ya ce ko shekara goma ba ta ishe shi ba, su kuwa biyu kawai suke nema. Duk wanda ya tashi cikin fari maganar ta shige shi. Aka bar yaron, da niyyar Quitéria ta riƙa dawowa tana saurare.

A shekarar aka yi ruwan da tsofaffi ba su taɓa ganin irinsa ba. Kafin damina ta fita, garke ya nutse, gari ya nutse, ko gicciyen kan hasumiyar coci ba a gani.

A Sabon Angico gidaje layi-layi ne, duk kama ɗaya, har mutum ya shiga na maƙwabcinsa bai sani ba. Ba wurin kiwo, aka sayar da shanu. Da shekara ta bakwai ta cika, Quitéria ta sa Deusdete ya riƙa kai ta a kwalekwale inda suke zaton saman garken ne. Ta kan hana shi motsa filafili, ta hana shi tari, su wuni a rana. Ba abin da suka ji sai ruwa yana marin katako. Da ta ga tana hana shi kamun kifi, sai ta sami wata 'yar kujera ta riƙa kai ta bakin tafki kowace safiya, ta zauna da saƙarta har rana ta yi zafi. Ita da Aristeu sun sami 'ya mace daga baya, ta girma ta tafi São Paulo aiki. Kujerar dai ba ta fasa fita ba.

Aristeu ya yi leburanci, ya yi gadi. Sai masu kiwon karfasa suka zo suka jera kejinsu a kan tafki, suna neman masu shiga ƙasa su ɗinke raga su kwashe matattun kifi. Ya je ya ce yana so. Aka yi masa dariya, wani ya tambaye shi ko da dokin zai nutsa. A ruwa iya ƙugu ya fara, yana shan ruwa yana amayarwa, Deusdete na zaune a kwalekwale yana cewa bai taɓa ganin dutse yana koyon iyo ba. Ya koya. Ya koyi numfashi ta bakin tiyo, ya koyi toshe hanci ya buɗe kunne, ya koyi duba agogon da ke nuna sauran iska. Babban abin da aka nanata masa shi ne hawa. In ka daɗe a zurfi ba ka tasowa kai tsaye, sai ka riƙe igiya ka tsaya a hanya ka jira, in ba haka ba iskar da ta shiga jininka za ta kumbura ta karya ka.

Ba wanda ya tambaye shi dalilin da ya sa makiyayi ya zaɓi wannan aiki. Quitéria ma ba ta tambaya ba. Ranar da ya fara shigowa gida da gilashin fuska a hannu, ta dube shi ta dubi gilashin, ta ƙara masa busasshen nama a kan dambun masararsa.

Daga baya baƙi suka fara zuwa daga Recife da sauran birane, suna son ganin garin da ya nutse. Aristeu ya zama mai kai su. Ya kan shiga da su ta ƙofar coci, su bi tsakanin ginshiƙan da gansakuka ta lulluɓe, su fita ta taga. Ya nuna musu kujerun siminti na dandali, da matakalar makaranta, da tandun mai burodi wanda wani babban kifi ya mayar ɗakinsa. Su ɗauki hoto, su hau suna murna. Tsofaffin garinmu kuma su tare shi a hanya: Seu Aristeu, bangon gidana yana tsaye? Mangwaron ƙofarmu fa? Ya kan faɗa musu abin da ya gani. In bango ya faɗi ya ce ya faɗi.

Garke ne ya gagare shi. Ya fi coci zurfi nesa ba kusa ba, hasken rana ba ya kaiwa can. Dajin ƙayar da ruwa ya cinye yana nan tsaye bai ruɓe ba, ragunan masunta da suka maƙale shekara da shekaru sun rataye a jikinsa kamar yanar gizo. Ya gwada daga sama ba sau ɗaya ba, yana sauka a inda ya ƙiyasta, ya laluba laka cikin duhu, iska ta ƙare ya hau. A wata saukar kunnensa na hagu ya fashe, ya fito da jini a wuya, kunnen bai sake ji ba. Duk ranar da ya gwada, Quitéria ta kan gane tun daga tafiyarsa. Ta dubi fuskarsa sau ɗaya ta je ta ɗora kofi.

Haka suka tsufa. Shi ƙirjinsa ya fara feɗuwa in ya hau tudu, likita ya ce masa ya rataye tukunya. Ya rataye ta a bayan ƙofa. Ita kuma ciwon zuciya ya kama ta, ƙafafunta suka kumbura, jinta ya fara raguwa.

Sai fari ya zo, shekara bayan shekara ba ruwan kirki. Tafki ya yi ta ja da baya yana barin fasasshiyar laka. Gicciyen hasumiya ya fito, hasumiyar ta fito, har rufin coci ya fito yana wari a rana. Mutane suka riƙa zuwa kallo. Aristeu ya kan tsaya a bakin ruwa ya daɗe yana duban bayan cocin.

Wata safiya ya ɗauko mata kujerar daga bakin tafki, tana biye da shi tana hutawa a hanya. Ya yi mata magana kan wake da ya ƙare, ba ta ji ba, sai da ya maimaita da ƙarfi. Ta tsaya ta dafa bango.

"Ka gani ko, tsoho," ta ce. "Yanzu ko ya yi kukan, ba zan ji ba."

Da yamma ya sauko da tukunyar ya kai wa masu keji su cika masa.

Deusdete bai so ba. Ya juya tukunyar da ƙafa ya ce tsakanin kompadre da ita bai san wanda ya fi wani tsatsa ba. Ya tuna masa maganar likita. Ya tuna masa cewa limamin coci da kansa ya zo gida ya zauna ya gaya wa Quitéria wannan zancen mutanen dā ne, Allah ba ya barin jarirai a bakin garke.

"Ta ba shi kofi da mazarƙwaila, ta gode masa," in ji Aristeu. "Da safe ta ɗauki kujerarta."

"To in ka mutu a can, wa zai riƙa ɗaukar mata kujerar?"

"Kai mana. Shekara nawa kana amsa kompadre a banza, ba ka taɓa sayen ko hular jariri ba."

Deusdete ya zage shi, ya zagi dokin da ya taɓa hawa, sa'an nan ya je ya kwance kwalekwale.

Wannan karon Aristeu bai sauka daga sama ba. Ya sa aka ɗaure kwalekwale a jikin hasumiya, ya ɗaura doguwar igiya a ƙugu, ya sauka ta bayan coci inda hanyar shanu take farawa. Idonsa ba zai yi masa amfani ba, amma wannan hanya ya bi ta a kan doki safe da yamma tun yana saurayi. Ya bi gangaren yana jan jiki da hannu. Hasken ya koma kore, ya koma ruwan ƙasa, ya ɗauke. Fitilarsa ba ta nuna komai sai lakar da yake tayarwa. Hannunsa ya taɓa babban dutsen da doki kan kauce wa ta dama, ya kauce ta dama. Raga ta kama masa tukunya, ya tsaya ya yanke ta a hankali, zare bayan zare, yana jin iskarsa tana tafiya. Ya wuce kututturen bishiyar da suke ɗaure maruƙa. Daga nan ya san sauran kaɗan.

Kafaɗarsa ce ta fara bugun dirkar. Ya rungume ta. Laka ta cinye ta har rabi, abin da yake daidai ƙirjinsa dā yanzu yana daidai gwiwa. Ya kankare santsin da babban yatsa, ya ji tsagar tsaye, ya ji ta kwance.

Ya kwanta a gindinta ya ɗora kunnensa na dama, mai ji, a kan laka. Numfashin mai nutso ƙara ne da shi, shigarsa da ƙara, fitarsa da ƙara, don haka ya riƙe numfashi ya saurara. Ya ji jininsa yana bugawa. Ya ji wani ƙas-ƙas can nesa, irin na ƙananan halittun ruwa. Ya saki numfashi, ya ja, ya sake riƙewa. Ya tura kansa cikin lakar har ta rufe masa gilashi. Ya haska agogon iska, ya ga lokacin tashi ya yi, ya sake kwantawa. Yaron da ya jira duk waɗannan shekaru, wataƙila barci yake, wataƙila bai gane mahaifinsa ba cikin wannan shiga. Ya ƙwanƙwasa dirkar da ƙotar wuƙa, ya saurara. Deusdete yana ta fizgar igiya daga sama.

Ba kuka.

Ya san ƙa'ida, sai an ji ake faɗa. Ya kuma san ba zai sake zuwa nan ba. Ya dafa ƙasa da tafin hannu, ya zare bakin tiyon daga bakinsa, ya ce, "Firmino, ina yi maka baftisma da sunan Uba, da na Ɗa, da na Ruhu Mai Tsarki." Maganar ta fita kumfa-kumfa ta yi sama, shi kansa bai ji ta ba. Ruwa mai ɗanɗanon laka ya shige masa maƙogwaro. Ya mayar da tiyon yana tari a cikinsa, ya ja, ya ji iskar tana zuwa da ƙyar kamar ana tsotsar busasshen rake.

Ba sauran iskar da za ta ishe shi tsayawa a hanya. Ya saki dirkar ya hau kai tsaye.

Deusdete ya jawo shi cikin kwalekwale yana masifa. Da farko lafiya lau, har ya zauna ya cire gilashi ya ce ya samu. Kafin su kai gaɓa wani ciwo ya soke shi a tsakiyar baya, ƙafafunsa suka fara yi kamar tururuwa na bin su. Da kwalekwale ya taɓa laka ya yunƙura zai tashi, ƙafafun suka ƙi.

A bayan motar masu kifi aka fara ɗaukarsa, daga baya motar asibiti ta kai shi Recife, tafiyar wuni guda. Aka sa shi cikin wani ɗakin ƙarfe da ake matse iska a ciki, aka yi ta maimaitawa. Likitocin sun yi abin da za su iya, suka ce hanyar ce ta yi tsawo. Ya dawo gida a keken guragu.

Quitéria ba ta iya bin sa can ba. Ranar da aka shigo da shi ba ta tambaye shi komai ba. Ta sa aka sauke ragar kwanciyarsa aka kawo gado, ta wanke masa ƙafafun da ba ya ji, ta ba shi wake da garin rogo. Deusdete ya riga ya gaya mata an sami dirkar, amma ba abin da take jira ke nan ba. Sai washegari, bayan ta kwashe kwanuka, ta jawo kujerarta ta zauna ta gefensa na dama. Dole su ɗaga murya, shi kunne ɗaya, ita rabin ji, don haka maƙwabta duk sun ji.

Ta tambaye shi ko ya faɗi kalmomin. Ya ce ya faɗa. Ta tambaye shi ko ya kira sunan daidai. Ya ce ya kira.

"Ya yi kukan?"

Aristeu bai taɓa gaya wa tsohon da bangonsa ya faɗi cewa yana tsaye ba. Ya ce, "Ban ji ba, tsohuwa. Na daɗe ina saurare. Ban ji komai ba."

Ta shiga murza bakin zanen tebur. Ta daɗe a haka, har ya zaci ba ta ji ba ne, yana shirin maimaitawa.

"Da wane kunne ka saurara?"

Bai kai ga buɗe baki ba ta ci gaba.

"Da na hagu ne, na san ka. Duk abin da na gaya maka a gidan nan da shi kake ji. An aike ka saurare ka je ka ɗora mataccen kunne." Ta gyara zama. "To ya yi. Kai ne ba ka ji ba."

Ya dubi ƙafafunta da suka kumbura har fata tana sheƙi. Ya dubi bakin ƙofa. Bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Daga ranar kujerar ba ta sake fita ba, a kusa da murhu ta zauna. Quitéria ta roƙi limamin coci ya ambaci Firmino cikin addu'ar matattu, ta kuma je ta ji an ambata, aka riƙo ta aka dawo da ita. Wannan ne karon farko da mutanen gari suka ji sunan. Ba ta kai damina ba. Ta rasu da hantsi, 'yarta da ta zo daga São Paulo na riƙe da hannunta.

Ruwa ya dawo a shekarar. Rufin coci ya koma, hasumiya ta koma, baƙi suka ci gaba da zuwa, wasu ne ke kai su yanzu. Tukunyar Aristeu tana gidan masu keji, ba wanda ya je karɓa.

Kowace safiya Deusdete, wanda shi ma gwiwoyinsa sun gaji, yakan turo keken har bakin tafki yana ƙorafin nauyi. Ya gaya masa ba sau ɗaya ba cewa magana ta ƙare, an yi baftisma, uwar yaro ta karɓa, me kuma ya rage. Aristeu yakan ce iska kawai yake sha. Amma in an ajiye shi yana fuskantar ruwa sai ya ce a ɗan juya keken, a ƙara juyawa, har sai gefensa na dama ya dubi tafki. Daga nan ya roƙi kompadre ya yi shiru.